Fankar da Ta Karanta Mujallar Zuma

Shekara talatin da takwas ina ƙirga abin da mutane ke karantawa a laburaren jami'armu, kuma hanyata ba ta taɓa canzawa ba. A kan kowane teburi akwai ɗan kwali da na rubuta da hannuna: "Idan ka gama da mujalla, bar ta a nan." Ƙarfe huɗu na yamma sai in zaga da akwatin katina, duk mujallar da na tarar a kan teburi in ja mata layi ɗaya da fensir. Layi huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su, yadda aka koya mana a makarantar mishan. Daga nan in mayar da ita kan kantar littattafai.

Sai mujallu suka koma cikin kwamfuta, teburana suka zama fayau. Akwai ranakun da nake zagawa in dawo fensirina bai taɓa kati ba. Yanzu kamfanin da ke sayar mana da mujallun shi ke yin ƙidayar daga can inda yake. Duk wanda ya sauke maƙala, a rubuta ɗaya, kuma kowace Litinin alƙaluma su fito a shafinmu.

Wanda aka ɗora wa duba waɗannan alƙaluma wani abokin aikinmu ne da kowa ke kira Ƙwararre. An taɓa tura shi bita ta kwana uku, ya halarci ɗaya da rabi, ya dawo da jaka, da takardar shaida, da wata magana da ba ta barin bakinsa: "A matsayina na ƙwararre." Takardar shaidar kuwa ya sa an yi mata firam wanda ya fi tagar ofishinsa faɗi.

"Baba, har yanzu kana zanen tsani?" Haka yake gaishe ni kullum.

"Ƙidaya nake yi."

"Wannan ai ƙidayar awaki ce. Ni abin da kake yi a shekara, kafin shayina ya huce na gama shi."

"Shayinka na jiya yana nan a kan injin buga takardu."

"Shi ya sa na ce kafin ya huce. Na gama tuntuni."

Wata Litinin Shugabar laburare ta tara mu ta ce jami'a ba za ta iya ci gaba da sayen dukkan mujallun ba. Kwamiti zai zauna nan da mako uku, kuma duk mujallar da ba a sauke ta sau ɗari a shekara ba, za a yanke ta. Ta liƙa jerin a bakin ƙofa. Ta farko a jerin wata mujallar likitocin haƙori ce wadda ba a taɓa buɗe ta ba ko sau ɗaya, dalili kuwa jami'armu ba ta koyar da aikin haƙori. Ta sha ɗaya ita ce mujallar kiwon zuma, an sauke ta sau ashirin da uku.

Kafin azahar Malamar Zuma ta iso. Malama ce a sashen noma, shekara tara tana haɗa digirinta na uku a kan wata cuta da ke kashe ƙudan zuma, saura wata biyu ta kare shi a gaban masu jarrabawa. Babinta na ƙarshe ya dogara da wata fitowa ta mujallar da ba ta zo ba tukuna. Ita ce kuma yayar matar Ƙwararre.

Ta tsaya a gaban jerin ta karanta sau biyu, ta juyo ta dube ni. "Baba, idan aka yanke ta, shekara tarana sun tafi ke nan."

Kafin in buɗe baki Ƙwararre ya riga ni. Shi kuwa bai taɓa rasa abin faɗi ba.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ɗari suke so? Zan ba su dubu. Zan ba su har sai kamfanin ya aiko da wakili ya ga wace jami'a ce wannan."

"Kai da ka gyara mini waya ta daina jin magana?"

"Ta daina damun ki da kira. Wannan ai gyara ne."

"Ni dai kada ka taɓa mini komai."

"Ba zan taɓa ba. Na'ura ce za ta taɓa."

Da yammacin ranar ya shigo da fankar ƙasa, irin mai juya kai dama da hagu, wadda daga baya muka ji ta ɗakin matarsa ce. Ya kafa ta a gaban kwamfuta mai lamba bakwai. Ya ɗaure rula a jikin ragar fankar da igiyar takalmi, a bakin rular ya ɗaure fensir, magogin yana kallon ƙasa. Fensirin nawa ne, bai tambaya ba. Ya buɗe wata maƙala ta mujallar zuma, ya saita linzamin kwamfutar a kan wurin saukewa, ya manne shi da salatef, ya kunna fanka. Fanka ta juya hagu, ta dawo dama, magogin fensir ya sauka a kan linzami. Tik.

"Ɗaya," in ji Ƙwararre.

Ta tafi, ta dawo. Tik.

"Biyu. Baba, lissafa mini. Sau shida a minti, awa takwas a rana, kwana biyar."

Na lissafa a bayan kati. "Dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu."

"Ka ji ko? Ba gumi, ba hutun cin abinci, ba zuwa suna ko biki. Wannan fankar ta fi rabin malaman jami'ar nan karatu."

Fankar ta yi karatu sosai, ba na musun wannan. Ta kuma kwashe katina na harafin B zuwa D ta watsa su har ƙarƙashin kantar taswirori, na yi awa biyu a durƙushe. Ɗalibai suka fara ƙorafin ƙarar tik, sai ya rataya wa fankar kwali: "Shiru, ana bincike." Wasu ɗalibai mata suka ja kujeru kusa da ita don shan iska, ya kore su wai suna ɗauke mata hankali. Ran Laraba salatef ya saki, linzamin ya zame kaɗan zuwa wurin buga takarda. Kafin kowa ya lura, injin ya fitar da shafin farko na maƙalar sau ɗari huɗu da tara, har takarda ta ƙare ya hau kuka.

Shugaba ta fito daga ofis, ta dubi tarin takardun, ta dubi fanka.

"Mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, gwajin ingancin injin ne. Ya ci jarrabawa."

"Fankar fa?"

"Tana sanyaya kwamfuta."

"Da fensir?"

"Shi ke nuna mata inda zafin yake."

Shugaba mace ce mai ayyuka da yawa. Ta buɗe baki, wayarta ta yi ƙara, ta koma ciki. Na daɗe ina tunanin da wayar nan ba ta yi ƙara ba, da labarin ya tsaya a nan.

Ran Litinin Ƙwararre ya kira ni da Malamar Zuma mu zo mu ga abin al'ajabi. Ya sa mu tsaya a bayansa, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara, ya buɗe shafin alƙaluma. Mujallar kiwon zuma: ashirin da takwas.

Ya sake buɗewa. Ashirin da takwas.

"Akwai sifili a gaba da bai fito ba," in ji shi. "Allon ne ƙarami."

Na je na ɗaga ƙafar teburinsa na zaro ɗan littafin da aka ba shi a wurin bita, wanda ya yi wata takwas yana tokare da teburin. Na buɗe shafi na sha huɗu na karanta masa. Idan mutum ɗaya ya danna maƙala ɗaya, ya sake dannawa kafin daƙiƙa talatin su cika, kamfani ɗaya yake ƙirgawa, komai yawan dannawar. Fankarsa kowace daƙiƙa goma take dawowa. Tun daga safe har yamma kamfani yana ganin mutum ɗaya ne mai rawar hannu. Kwana biyar, ɗaya a kowace rana.

"Ba a koya mana wannan ba."

"An rubuta a sama: rana ta biyu, bayan cin abinci."

"Lokacin ina ganawa da manya."

Malamar Zuma ta ce, "Ƙanwata ta yi kwana biyar tana fifita da murfin tukunya, duk a kan maki biyar."

"Yaya, wannan gwaji ne. Yanzu na gano inda kamfanin ke ɓoye wayonsa. Maƙala daban-daban suke so, hannu daban-daban. Za su samu."

Mako na biyu ya tara mayaƙa. Ya kawo mai gadin ƙofa, da mai shara, da direban Shugaba, duk bisa alkawarin shayi da burodi. Da ya ga kwamfuta ɗaya ta rage ba kowa, sai ya je gida ya ɗauko surukarsa, wato mahaifiyar matarsa da Malamar Zuma, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu wadda kowa ke kira Inna. A littafin baƙi ya rubuta ta a matsayin "mai bincike daga waje."

Ya tsaya a gabansu da rula a hannu kamar mai koyar da faretin soja.

"Aikin mai sauƙi ne. Wannan jerin maƙalun zuma ne. Ka danna ta farko, ka jira, ka danna ta biyu. Kada ka maimaita. Kada ka karkata. Akwai tambaya?"

Mai gadi ya ɗaga hannu. "Shayin kafin ne ko bayan?"

"Bayan ɗari."

"Ɗari na kowa ko ɗari na taro?"

"Fara dai."

Ya tafi sayo burodi. Na zauna a teburina ina kallonsu, domin ba abin da ke kan tebura da zan ƙirga. Minti goma na farko sun yi aiki da gaskiya. Sai na ji Inna tana tsaki.

"Wannan duk lambobi ne da layi-layi. Ina zumar take?"

Ta tura linzami da tafin hannunta gaba ɗaya, kamar mai goge tabarma, ta danna wani wuri. Allonta ya cika da hoton wani baki a buɗe, mai launi, haƙoran sun yi baƙi sun karkace kowanne ya kama gabansa. Ta faɗa cikin mujallar likitocin haƙori.

Inna ta gyara zama. "Kai, mai gadi, zo ka ga ikon Allah."

Mai gadi ya leƙa. "Wannan ai bakin maƙwabcina ne sak."

"Danna gaba mu gani," in ji mai shara.

"Wannan kuma an sa masa waya. Me ya yi aka ɗaure masa baki?"

"Ƙila surutu ne da shi," in ji Inna. "Da ana sayar da irin wannan wayar a kasuwa, na san wanda zan saya wa."

Kafin Ƙwararre ya dawo, dukkansu huɗu sun koma mujallar haƙori, kowa yana neman wanda ya fi muni ya nuna wa saura. Direba ya sami wani dasashi da ya kumbura kamar tumatir, aka ba shi na ɗaya. Ƙwararre ya shigo da burodi a hammata, ya ga allunan, ya daka wa mai gadi tsawa, ya daka wa direba, ya juya kan kwamfuta ta huɗu, ya ga surukarsa ce. Muryarsa ta sauka har ƙasa.

"Inna, da dai an koma kan zumar."

"Bari in gama da wannan bawan Allah. An cire masa huɗu, ina so in ga ko ya warke."

"Ai hoto ne kawai, Inna."

"Kai ma buɗe bakinka in gani. Tun ranar da ka zo neman 'yata nake zargin na can ciki."

Ya buɗe. Ba yadda zai yi. Ɗalibai uku suka ɗauki hoto.

Kwana huɗu suna zuwa. Da yana wurin, zuma. Da ya juya baya, haƙori. Inna ta fara zuwa da ƙawayenta biyu. Litinin ta zagayo, muka sake tsayawa a bayansa. Mujallar kiwon zuma: sittin da ɗaya. Mujallar likitocin haƙori: ɗari shida da goma sha biyu. Mujallar da ba wanda ya taɓa buɗewa ta zama ta uku a duk jami'a, ta fita daga jerin yanka da ƙafarta.

Malamar Zuma ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Ka ceci mujalla, mijin ƙanwata. Ba tawa ba ce, amma ka ceta."

"Wannan ya nuna hanyar tana aiki."

"Saura mako ɗaya. Ina roƙon ka da girman Allah, ka zauna ka huta."

"A matsayina na ƙwararre..."

"A matsayina na yayar matarka, ka huta."

Bai huta ba. Ran Juma'a da yamma, ana shirin rufe laburare, na gan shi a gaban kwamfuta mai lamba bakwai da wani ɗan filashi ja. Ya ce wani mai gyaran waya a kasuwa ne ya ba shi wata manhaja da ke sauke maƙalu da kanta, ɗaya bayan ɗaya, ba maimaici, ba gajiya, ba sha'awar haƙori.

"Me za ta sauke?" na tambaye shi.

"Komai."

"Komai na mujallar zuma, ko komai?"

"Baba, komai ai komai ne. Kai dai ka je ka fere fensirinka."

Shigar ɗalibai cikin shafin mujallu takan yanke da kanta da zarar an rufe laburare, saboda haka yana buƙatar shiga da sunan malami. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Na gane rubutun Malamar Zuma ne: sunanta da kalmar sirrinta, da ta taɓa ba shi lokacin gyaran wayar nan. Na ce masa wannan ba daidai ba ne. Ya ce ai ma ya fi, za a ga ita ce ke karatun. Na nemi Shugaba, an ce ta tafi taro sai Litinin. Na kira Malamar Zuma, wayarta tun da ya gyara ta ba ta karɓar kira. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin in zare wayar wutar, amma shekara talatin da takwas ban taɓa taɓa abin da ba a ba ni ba. Ya lulluɓe kwamfutar da labule, ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihu.

Litinin ƙarfe goma kwamiti ya zauna. Ɗakin taro ana yi masa fenti, saboda haka aka jera kujeru a tsakiyar babban zauren karatu, ɗalibai kusan ɗari suna zaune a gefe suna yin kamar karatu suke. Shugaban kwamitin wani Farfesa ne na lissafi, mutum mai magana a hankali. Malamar Zuma ta zauna a baya, jakarta a kan cinya. Inna ma ta zo, domin ba wanda ya gaya mata an gama aikin.

Ƙwararre ya sa kwat da lakatai. Ya kunna majigi, ya haska alƙaluma a bango.

"Ranku ya daɗe, bara gaba ɗaya jami'ar nan ta sauke maƙala dubu arba'in. Daga Juma'a zuwa yau kuwa..." Ya danna. Lamba ta cika bango: dubu ɗari da tamanin da shida da ɗari huɗu da biyu.

Wani ɗalibi ya yi fito. Farfesa ya cire tabarau ya goge.

"Cikin kwana biyu da rabi?"

"Da ƙofa a kulle ma, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi wannan karatun?"

"Sabon tsari ne na zaburar da masu karatu. Ni na ƙirƙiro shi, ni na kafa shi, ni na kunna shi da wannan yatsan. Ina so a rubuta a takardar taro cewa ba wanda ya taimake ni. Musamman Baba. Shi ma hana ni ya so yi."

Sakatare ya rubuta. Na roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashi, ya ja.

"To madalla," in ji Farfesa. "Buɗe mana mujallar zumar nan mu ga abin da ya ja hankalin jama'a haka."

Ƙwararre ya danna. Bango ya yi fari, sannan wani jan akwati ya fito da rubutu a ciki. Ya yi sauri zai rufe, Shugaba ta ce, "Bar shi." Ta miƙe ta karanta da ƙarfi, tana fassarawa layi-layi. Kamfanin yana sanar da cewa an sauke maƙalu masu yawan da ba ɗan Adam da zai iya, daga kwamfuta ɗaya, da sunan mutum ɗaya. Wannan ya saɓa yarjejeniya. An rufe wa jami'ar gaba ɗaya dukkan mujallu dubu biyu da ɗari uku har sai an yi bincike. A ƙasa ga sunan wanda ya yi aikin, da manyan baƙaƙe. Sunan Malamar Zuma ne.

Sai aka fara jin ɗalibai a gefe suna dannawa, kowa allonsa ya yi ja.

Farfesa ya juya baya. "Malama, an ce kin karanta maƙala dubu ɗari da tamanin a ƙarshen mako."

"Wanki na yi ran Asabar, ranka ya daɗe."

Ta taso, ba gaggawa, ta zo ta tsaya a gaban Ƙwararre, ta miƙa hannu. Ya sa hannu a aljihu ya ba ta 'yar takardar.

"Yaya, wannan alama ce ta nasara. Kamfanin ya tsorata ne."

"Da wane yatsa ka ce ka kunna?"

Ya mayar da hannunsa baya.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Farfesa, "a gaskiya aikin na haɗin gwiwa ne. Akwai mai gyaran waya, akwai shawarar Baba..."

Sakatare ya ɗaga takarda ya karanta: "Ba wanda ya taimake ni. Musamman Baba. An ja layi."

Daga baya Inna ta ɗaga murya. "Yanzu haƙoran ma an rufe?"

"An rufe, Inna," in ji Shugaba.

"To Allah ya isa. Ban ga ƙarshen mutumin nan ba."

Dariyar da ɗalibai suka yi sai da mai gadi ya shigo ya ga ko lafiya. Ƙwararre ya ja da baya, ƙafarsa ta harɗe da wayar majigi, ya faɗa kan kujerar da aka jingine fankar matarsa tun da aka fito da ita daga ɗakin kwamfuta, fanka ta kunnu, ta ɗauke takardun kwamiti ta watsa su sama. Fensirina yana nan ɗaure a jikinta, yana sara iska.

Kwana tara jami'a ba mujalla. Shugaba ta rubuta wa kamfani wasiƙa uku, ta haɗa da takardar taro mai layi a ƙarƙashi don wanke sunan Malama. Malamar Zuma takan zo kullum da safe ta danna, ta ga ja, ta koma. Fitowar da take jira ta zo, tana can bayan jan akwati.

Ni kuwa tun yammacin ranar farko mutane suka fara tsayawa a teburina, domin ni kaɗai ne ba ni da ƙofar da zan rufe. Kowa da fushinsa. Ban iya gyara komai ba, sai na yi abin da na iya. Duk wanda ya zo in tambaye shi, "Wace mujalla kake nema?" In zaro katinta in ja layi, in rubuta sunansa da sashensa a baya. Rabon da fensirina ya yi aiki haka har na manta. Na fere shi sau uku a rana ɗaya.

Rana ta biyu ɗalibai arba'in da huɗu na sashen noma suka shigo a jere suna neman mujallar zuma. Na tambaye su yadda aka yi suna karanta ta amma alƙaluma ba su san da su ba. Suka ce Malama ce ke sauke kowace maƙala sau ɗaya, ta buga, su zagaya da ita a aji har takardar ta yi laushi, domin sashensu kwamfuta biyu ce kuma ɗaya ba ta tashi. Bayan su wani malamin haɗa magunguna ya zo, da mutum biyu daga sashen tsirrai, da wata mai binciken ƙwari da ban taɓa gani ba.

Da aka buɗe mujallun, kwamiti ya sake zama, wannan karon a ɗaki mai ƙofa. Farfesa ya ce alƙaluman kamfani na bana sun zama shara, a kan me za a yanke hukunci? Shugaba ta dube ni. Na ajiye akwatin katina a kan teburi. Suka yi awa biyu suna juya kati. Mujallar zuma: mutum hamsin da bakwai, da sunayensu. Mujallar haƙori: layi ɗaya, a baya an rubuta "Inna, mai bincike daga waje."

Aka bar mujallar zuma. Malama ta sauke fitowarta, sau ɗaya, ta zo ta ajiye mini sabon fensir a kan teburi. Bayan mako huɗu ta kare digirinta.

Ƙwararre an karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannunsa, aka turo shi teburina ya koyi aikin kati, tunda saura wata biyar in yi ritaya kuma Shugaba ta ce akwatin ba zai bi ni gida ba. Ranar farko ya zo da firam ɗinsa ya jingine a bango.

"Baba, ka ga yadda tsarina ya yi aiki? Idan kana so ka san masu karatu na gaskiya, sai ka rufe komai ka ga wa zai yi kuka. Zan rubuta maƙala a kai."

"Zauna. Layi huɗu a tsaye, na biyar ya gitta."

Ya ja biyu, ya tsaya, ya ƙura wa gwangwanin fensirina ido.

"Ka san idan aka ɗaure fensir biyar wuri ɗaya da roba..."

Na ɗauke gwangwanin na sa a aljihun teburi na murɗa makulli. Na bar masa fensir ɗaya. Magogin yana hannuna.